Amsoshin Tambayoyinku: Muzuruna Yana da Ciwon Suga, In Ƙara Masa Insulin?

Tambaya: Ina da muzuru da ya shekara tara a hannuna. Watannin baya ya tsiri shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga yawan fitsari, ga ci, amma sai ramewa yake yi. Likitan dabbobi ya gwada jininsa ya ce ciwon suga ne, ya rubuta masa insulin mai suna Lantus, yunit ɗaya safe, ɗaya yamma. Yau kwana biyar da farawa, sai na ɗauki na'urar gwajin suga ta mahaifiyata na gwada shi da safe kafin allura, na ga 360. Hankalina ya tashi. Shin in mayar da allurar yunit uku? Wani mai kemis kuma ya ce in koma irin insulin ɗin nan gauraye, wai ya fi araha. Ga matsalar wuta, firijinmu yakan kwana biyu bai yi sanyi ba. Ku taimaka mini da bayani.
Daga wata mai karatu, Kaduna.

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki kan ɗawainiyar. Kada ki ƙara masa ko rabin yunit. Ki bar shi a kan abin da likita ya rubuta har ya cika mako ɗaya zuwa kwana goma, sannan ku zauna da likitan da lissafi a hannu.

Gaskiya ne 360 ya yi yawa. Sugan kyanwa mai lafiya yakan tsaya tsakanin 70 da 150 a irin awon da na'urarki ke nunawa. Wasu na'urorin kan nuna ƙananan lambobi, irin su 6 ko 20. In kin ci karo da irinsu ki ninka da 18, wato 20 a can shi ne 360 a nan. Da zarar sugan ya haura 250 zuwa 290, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya tsiyaye cikin fitsari ya ja ruwa ya tafi da shi. Wannan ne ya sa kika ga yana ta shan ruwa yana fitsari.

Sai dai lokacin da kika yi gwajin shi ne lokacin da sugan ya fi hawa a yini, domin allurar jiya da yamma ta gama aikinta, ta safe ba ta shiga ba. Ba wannan lambar ce ke yanke hukuncin ƙari ko ragi ba. Abin dubawa shi ne inda sugan ke sauka ya tsaya a tsakiyar allurai biyu. Muzurun da ya tashi da 360 yana iya sauka 100 da azahar a kan yunit ɗayan nan. In kika ninka masa uku, zai iya faɗawa 40 kina wurin aiki, ba kowa a kansa. Hawan suga a hankali yake yin ɓarnarsa, cikin makonni da watanni. Faɗuwar suga kuwa cikin awowi kaɗan take kisa. Saboda haka likitocin dabbobi ba sa ƙarawa sai an yi kwana biyar zuwa bakwai aƙalla a kan awo guda, kuma ƙarin rabin yunit ne ko yunit ɗaya, ba tsalle ba.

Akwai kuma halin kyanwa na musamman: tsoro kaɗai kan tayar mata da suga. Lafiyayyar kyanwa in an ɗauko ta a mota, an danne ta a teburin asibiti, tana iya nuna 250 ko fiye. In sai da kuka yi kokawa da shi kafin ki sami ɗigon jinin, to akwai kason fargaba a cikin 360 ɗin nan. Wannan ne amfanin gwajin gida, idan an koya masa shi cikin lalama.

A kunne ake ɗiba. Ki zauna da shi inda ya saba kwanciya, ki ɗumama kunnen da tsumma mai ɗumi na kamar minti ɗaya. In kin haska fitilar waya ta bayan kunnen za ki ga siririyar jijiya tana bin gefensa. Ki shafa ɗan basilin don jinin ya taru wuri ɗaya kada ya bi gashi, ki tokare bayan kunnen da auduga, ki ɗan soki gefen da tsinken gwaji. Ɗigo ɗaya ya isa. Ki danna wurin da audugar na ɗan lokaci, sannan ki ba shi 'yar tsokar kaza dafaffiya. In ya gane cewa kaza na biyo bayan tsinke, da kansa zai riƙa zuwa. Ranakun farko jinin yakan ƙi fitowa, kada ki soke shi fiye da sau biyu ko uku a zama ɗaya. Ki ƙyale shi ki dawo anjima.

Na'urar mahaifiyarki za ta yi aiki, amma ki san cewa ta mutane takan nuna ƙasa kaɗan da gaskiyar sugan kyanwa, saboda a jikin kyanwa kusan duk sugan yana cikin ruwan jinin ne, a jikin mutum kuwa kaso mai yawa yana cikin jajayen ƙwayoyin jini. Akwai wadda aka ƙera don karnuka da kyanwoyi, AlphaTrak, in kin samu madalla. In ba ki samu ba, ki tsaya a kan na'ura ɗaya, ki gaya wa likita sunanta. Ni dai da za ki ji tawa, ki saya masa tasa daban da abin sukarsa daban. Ba a haɗa kayan jini tsakanin mutum da dabba, kuma kada lambobinsa su cakuɗe da na Hajiya mahaifiyarki a ma'ajiyar na'urar, likitanta ya gani ya ruɗe.

Kafin ki koma asibiti, ki ware yini guda da kike gida. Ki gwada kafin allurar safe, sannan duk bayan awa biyu zuwa uku har lokacin allurar yamma, kina rubuta lokaci da lamba da abin da ya ci. Abin da ake nema shi ne mafi ƙanƙantar lamba ta faɗa tsakanin 80 da 150, sauran yinin kuma ya zauna ƙasa da 250 zuwa 300. Ba sai ya zama cif kamar na lafiyayye ba. Akwai maɓallin nan na FreeStyle Libre da ake liƙawa a fata ya yi kwana 14 yana awo, likitoci kan aske gefen wuyan kyanwa ko haƙarƙarinta su liƙa mata. Yana hutar da kunne, amma da tsada, kuma sau da yawa takan sosa ta ɓamɓare shi kafin wa'adi. Ba dole ba ne.

Sai batun sirinji, inda aka fi yin kuskure mai muni. Insulin ba ƙarfinsa ɗaya ba. Lantus yunit 100 ne a cikin mililita ɗaya, za ki ga an rubuta U-100 a jikinsa. ProZinc da Caninsulin, waɗanda aka yi don dabbobi, yunit 40 ne, wato U-40. Kowanne da sirinjinsa. In kika zuƙi Lantus da sirinjin U-40 har layin ɗaya, yunit biyu da rabi kika ba shi ba ki sani ba. Sirinjin allura na yau da kullum kuwa, mai mililita biyu ko biyar, kada ma ki kusance shi, domin yunit ɗaya na Lantus kashi ɗaya ne cikin ɗari na mililita, ido ba ya iya auna shi a can. Ki nemi ƙaramin sirinjin insulin na U-100 mai ɗaukar yunit 30, in da hali mai layin rabin yunit. In kuma mai kama da biro aka ba ki, cikakken yunit kaɗai yake bayarwa, kuma sai kin ƙirga goma bayan kin danna kafin ki zare.

Shawarar mai kemis ki yi mata godiya ki ajiye. Gaurayen insulin irin su Mixtard 30 da Humulin 70/30 don mutane aka tsara su, kashi 30 mai saurin aiki, 70 mai matsakaicin zango. A jikin kyanwa sukan fizgo sugan ƙasa da ƙarfi, su ƙare tun awa goma sha biyu ba ta cika ba. Kuma ki yi lissafin arahar: biron Lantus ɗaya yunit 300 ne, muzurunki kuwa yunit 60 yake buƙata a wata. Ba zai shanye shi ba, kwanakinsa ne za su ƙare, tunda kamfanin ya ce a yar da shi kwana 28 bayan an fara amfani da shi. Don haka ki riƙa sayen guda ɗaya, daga kemis ɗin da kika tabbata yana da sanyi, maimakon kwali guda ya lalace a firijin da ba wuta.

Wanda ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Wanda aka fara amfani da shi yana jure zafin ɗaki muddin bai wuce digiri 30 ba, to amma ɗakunanmu a watan Maris da Afrilu sun fi haka. A nan randa ke da rana. Ki sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ki cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ki ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, biron kuma a cikin robar da ruwa ba ya shiga. Dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa ke nan don adana kayan miya, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A 2021 kuma masu bincike na Jami'ar Janeba tare da ƙungiyar likitoci ta MSF suka wallafa gwajin da suka yi bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda zafi ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37, suka ga insulin ya riƙe ƙarfinsa tsawon mako huɗu. Abin da ke kashe shi nan take shi ne rana kai tsaye, ko mota a rufe, ko daskarewa. Kada ki ɗora shi a kan ƙanƙara. Lantus garau yake kamar ruwa. In ya yi hazo-hazo, ya tashi aiki.

Allurar kanta ba wuya. Ki ɗaga fatar gefen haƙarƙari da yatsu biyu, ki soka a ƙarƙashinta, kina sauya wuri. Tazarar awa goma sha biyu, kamar bakwai na safe da bakwai na yamma. In an yi lattin awa ɗaya ba komai. In kin manta gaba ɗaya, kada ki haɗa biyu a gaba. In kin ji gashin ya jiƙe kina shakkar ko ta shiga, kada ki maimaita. Kuma a gida mai jama'a, mutum ɗaya ya riƙe aikin, a riƙa sa alama a littafi, domin ba abin mamaki ba ne ke ki yi masa, 'yarki ma ta zo ta yi masa don tausayi.

Ranar da ya ƙi cin abinci, ko yana amai, ko gwajin kafin allura ya nuna ƙasa da 150, ki dakata ki kira likita tukuna. In kin ga yana tangaɗi, ko kasala ta rufe shi, ko baƙin idonsa ya buɗe, ko jikinsa na karkarwa, ko na'ura ta nuna ƙasa da 65, sugan ne ya faɗi. In yana iya ci, ba shi abinci nan take. In ba ya iyawa, ki lakaci zuma ko kaurin ruwan sukari ki shafa masa a dasashi, kada ki ɗura masa a baki ya shaƙe, ki nufi asibiti ko da ya farfaɗo, saboda Lantus yana daɗewa a jiki, sugan zai iya sake faɗuwa. Kishiyar wannan ita ce suga ya hau ƙwarai, ya daina ci, yana amai, jikinsa ya saki. Alama ce cewa wani sinadari mai guba da ake kira kiton ya taru a jininsa, kuma asibiti ne maganinsa a ranar, da ƙarin ruwa.

Abinci ma rabin jinya ne. Kyanwa maciyar nama ce tun asali, ragowar tuwo da shinkafa da biredi da muke zuba mata su ne ke tayar da sugan, haka ma yawancin busasshen abincin kyanwa na leda. Na gwangwani mai yawan nama ya fi. Kaza, kifi ko ƙwai dafaffe suna taimakawa, amma ba albasa ba tafarnuwa, su biyun suna lalata jinin kyanwa, kuma tsoka zalla tsawon watanni takan bar ta da ƙarancin sinadarin ƙashi, don haka ki tsara abincin tare da likita. Ki kula da wannan sosai: in kin janye masa tuwo da shinkafa, buƙatarsa ta insulin na iya raguwa cikin 'yan kwanaki. Ki sauya a hankali, kina gwaji. Kada kuma a horar da shi da yunwa, kyanwar da ta kwana biyu ko uku ba ci hantarta na iya cika da kitse.

Abin farin ciki, ciwon sugan kyanwa ba kamar na kare ba ne. Kyanwoyi da dama, in an kama abin da wuri an gyara abinci, sukan kai inda za a daina musu allura cikin watannin farko, ko da yake wasu ciwon kan dawo musu. Wannan ma wani dalili ne na ci gaba da gwaji, domin muzurun da ke samun sauƙi ana ci gaba da yi masa tsohon awo shi ne ya fi shiga haɗarin faɗuwar suga. Ki lura da kwanon ruwansa, ki auna nauyinsa mako-mako: ki hau sikeli da shi a hannu, ki hau ke kaɗai, ki cire.

In kuwa an bi ƙa'ida, awo ya kai yunit biyar ko shida a kowace allura sugan bai motsa ba, sai a binciki dalili: lalataccen insulin, ciwon haƙori, cutar mafitsara, ko magunguna irin su prednisolone da dexamethasone da ake yawan ba dabbobi. Akwai kuma wani ƙari da ke fitowa a gindin ƙwaƙwalwa yana hana insulin aiki, wanda binciken kwalejin likitancin dabbobi ta Landan a 2015 ya gano a kusan kyanwa ɗaya cikin huɗu masu ciwon suga da aka gwada a Birtaniya. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya bai yi miki nisa ba in an kai nan. Ƙwayoyin sugan Hajiya da jiƙe-jiƙen gargajiya kuwa kada ki gwada su a kansa. Sababbin magungunan sha na kyanwa, Bexacat da Senvelgo, da aka amince da su a Amurka a 2022 da 2023, takardarsu ta can ta hana a ba wadda ta riga ta fara insulin, to naki ya fita daga layinsu.

Ranar komawa, ki tafi da littafin, da insulin ɗin, da ainihin sirinjin da kike amfani da shi, ki zuƙi yunit ɗaya a gaban likitan ya gani da idonsa. Ki kuma roƙe shi ya rubuta miki lambar da in kin gani za ki fasa allura, da lambar wayar da za ki kira in abu ya taso da dare.