Yadda Ake Horar da Masu Gyaran Magana: Matakin Kallo

Wanda ya kai yaronsa asibiti saboda in'ina ko jinkirin buɗe baki, ko ya kai tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana, mai yiwuwa ya tarar da wani zaune a gefe yana rubutu, ba ya cewa uffan. Wannan ɗalibi ne mai koyon aikin gyaran magana, zaman nan kuwa shi ne matakin farko na horonsa.

A Amurka, ƙungiyar masu wannan aiki, watau ASHA, wadda aka kafa a 1925, ba ta ba mutum takardar shaida sai ya sami digiri na biyu, ya kuma cika sa'o'i 400 na horo. A cikinsu 25 na kallo ne, 375 na aiki da majiyyata. Tun daga 2020 ba a lissafa kallon sai da jagorancin gwani, wanda zai tattauna da ɗalibi a kan abin da ya gani. A Nijeriya, Dokar Soja ta 38 ta 1988 ce ta kafa hukumar da ke yi wa masu wannan aiki rajista.

Kallon ba na banza ba ne. Ɗalibi yakan lura da motsin leɓe da harshe, da harafin da yaro ke musanyawa, da tsawon shirun da gwani ke yi yana jiran amsa. Yakan lura ko uwa na riga yaro magana. In majiyyaci ya yi tari bayan kurɓar ruwa, lalle a rubuta, domin abin da ya kuskure hanya ya shiga huhu yana iya jawo ciwo mai tsanani. Ana koya masa ya rubuta abin da ido ya gani, ba abin da ya zata ba. "Ya kau da kai sau uku" ya fi "ya ƙi" amfani.

Sanin harshe ma wajibi ne. Basakkwacen da ya ce "hwaɗi" maimakon "faɗi" lafiyarsa ƙalau, karin garinsu ne.

Iyaye su sani, sai da yardarsu ɗalibi zai zauna. Suna da ikon ƙi, ƙin kuwa bai kamata ya rage wa yaro kulawa ba. Abin da ɗalibi ya ji a ɗakin nan sirri ne, ba a fita da shi waje.