Amsoshin Tambayoyinku: Wakili Ya Jinginar da Gida

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya ce ya wakilta ƙanensa karɓar kuɗin haya, sai ƙanen ya jinginar da gidan a banki. Yana tambaya, shin jinginar ta hau kansa?

To Malam, wakili ba ya wuce iyakar da aka yanka masa. Izinin karɓar haya bai ƙunshi jingina ba, sai in ka ba shi a rubuce, ko ka amince daga baya. Haka kuma Dokar Filaye ta 1978 a Najeriya ta wajabta yardar gwamna kafin a jinginar da fili a birni.

Amma ko jinginar ta rushe, bashi yana wuyan wanda ya ci. In ka karɓi kuɗin bashin da saninka, kai ma za a bi ka. Hanzarta ka kai wa lauya takardunka, don kada a ɗauki shirunka a matsayin yarda.