YADDA AKE AUNA AMFANIN ITATUWAN MAGANI

Duk wanda ya shiga kasuwar Jimeta ko ta Yola zai tarar da masu magani sun baje saiwoyi da sassaƙe da ganyaye, kamar su sabara da marke da maɗaci da bagaruwa. Jama'a sun daɗe suna amfani da su. Tilas ne kuwa mai saye ya san abin da awon masana yake iya tabbatarwa game da su, da inda iyakarsa take.

Mene Ne Folifenol?

Folifenol suna ne na wani babban iyali na sinadarai waɗanda tsiro yake haɗawa don kare kansa daga ƙwari da zafin rana. Baurin da ake ji a goro da shayi, na wani ɗan wannan iyali ne mai suna tanin. Shi ne kuma yake cikin bagaruwar da majema suke jeme fata da ita. Jan launin zoɓorodo ma daga wannan iyali yake.

Kamar yadda iska take sa ƙarfe tsatsa, haka iskar oksijin take haifar da waɗansu ƙwayoyin zarra masu ɓarna a jikin mutum. Abin da masana suke so su sani shi ne ko folifenol zai iya tare wannan ɓarna.

Yadda Ake Awon

Ana yin wannan aiki a ɗakunan gwaje-gwaje na jami'o'i, irin su Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981 da sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya, Yola. Da farko sai a shanya ganye a inuwa, gama rana tana rage ƙarfinsa. Daga nan a daka, a auna nauyin garin, a jiƙa cikin ruwa ko sinadarin itanol, a tace.

Awo na farko don sanin yawan folifenol ne. Akan zuba wa ruwan da aka tace wani sinadari wanda masana biyu, Folin da Ciocalteu, suka haɗa a 1927. Sai ruwan ya zama shuɗi. Gwargwadon duhunsa, gwargwadon yawan folifenol ɗin. Na'urar auna haske ce take karanta launin, a rubuta sakamako da miligiram a kowane giram na gari.

Awo na biyu don sanin ƙarfin tare ɓarna ne. Akan kawo sinadarin DPPH, wanda aka soma awo da shi a 1958. Launinsa shunayya ne, amma in ya gamu da abin da yake tare ɓarna sai ya koma rawaya. Daga nan a kwatanta sakamakon da na bitamin C.

Iyakar Awon

Kama da wane ba wane ba ne. Kwalbar gwaji dabam, jikin mutum dabam, domin hanji ba ya tsotse duk folifenol ɗin da aka sha, hanta kuma tana sāke wanda ya shiga jini. Har ila yau, bitamin C ma yana sa ruwan awo na farko ya yi shuɗi, saboda haka lissafin yakan zarce gaskiya. Kuma tanin mai yawa yana hana jiki samun sinadarin ƙarfe daga abinci, abin da yake da haɗari ga mai juna biyu da mai ƙarancin jini.

Watau awon yana nuna itacen da ya cancanci ƙarin bincike ne kawai. Ba ya tabbatar da cewa zai warkar da ciwon suga ko hawan jini, kuma ba ya faɗin yawan da za a sha.

Abin Da Ake Bukata Ga Jama'a

Kada mai ciwo ya bar maganin asibiti don an ce masa an auna wani itace. Wanda yake shan jiƙo ya gaya wa likita. Mai sayen maganin gargajiya na kwalba ko na fakiti ya duba lambar Hukumar NAFDAC, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1993. Masu magani kuma su riƙa shanya kayansu a inuwa, a kan tabarma mai tsabta, nesa da ƙura da danshi.