Baƙin Ƙarƙashin Ido: Ku Nemi Dalili Kafin Ku Rufe Shi

Ya kai maigida, da ke uwargida, ku saurara. Sau da yawa mata sukan zo ɗakin shan magani a nan ƙasar Sabon Birni da Isa, su ce mini, "Malam, a ba ni man da zai ɓoye baƙin nan na ƙarƙashin idona." Ni kuwa nakan ce a dakata mu duba tukuna, gama ruwa ba ya tsami banza.

Fatar ƙarƙashin ido ba ta da kauri, shi ya sa take saurin nuna halin da jiki yake ciki. Ga wasu gado ne, babu komai. Ga wasu kuwa alama ce. Ga abubuwan da za ku lura da su:

1. Rashin barci. Babban mutum yana bukatar awa 7 ko 8. In ido ya kumbura da safe, a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa, a ɗora a kai.

2. Ƙarancin jini. Wannan shi ya fi haɗari, tun ba ga mai ciki da mai goyo ba. Zazzaɓin cizon sauro yakan kawo shi da damina, musamman a garuruwan bakin fadamar Gulbin Rima. Haka kuma tsutsar ciki mai shiga ta ƙafa, da haihuwa kusa-kusa. Ka ja fatar ido ta ƙasa a wurin haske. In ka ga cikinta ja, madalla. In ka ga ya yi fari fat, a zo asibiti a gwada jini. A riƙa cin zogale, da alayyafo, da wake, da kifi, da hanta in an samu. A kwana cikin gidan sauro, a sa takalmi.

3. Gudawa. In idon yaro ya faɗa ciki yana zawo, ruwan jikinsa ne yake ƙarewa. A haɗa ƙunshi ɗaya na ruwan gishiri da sukari cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a kawo shi ba da jinkiri ba.

4. Ƙurar hunturu. Tana sa ƙaiƙayi, susa kuwa tana ƙara baƙi. A wanke fuska, a bar murza ido.

To, ku guji abu biyu. Na farko man bilicin: yakan yi haske yau, daga baya ya bar baƙin da ba ya fita. Na biyu kwalli na dutse, domin yawancinsa akwai dalma a ciki. Dalma guba ce. A shekarar 2010 dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, maƙwabtanmu. Kada a sa wa jariri kwalli ko kaɗan.

Hoda takan rufe baƙi na yini guda, amma ba ta ƙara jini. Wanda ya iya karatu ya karanta wa mutanen gidansa. Allah ya ba mu lafiya, amin.