Maƙwabcinka na Rumfa Ma Kasuwa Ne: Dabarun Ƙulla Sabo a Wajen Baje Koli

'Yan'uwana ɗalibai, musamman na sashen kasuwanci da masu shirin fita koyon aiki na SIWES, ga wani darasi da ban samu a aji ba. Sai da na sha kunya a gaban uwar ɗakina kafin na koye shi.

Na yi watanni 4 na SIWES a wani ƙaramin kamfani da ke haɗa yaji da garin kunun gyaɗa yana ƙullawa a leda. Mai kamfanin, wadda muke kira Hajiya, ta kama rumfa a bajekolin ƙasa da ƙasa na Kano, wanda ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta KACCIMA ke shiryawa wajen ƙarshen shekara a filin baje koli da ke titin Gidan Zoo. Ni aka bar wa tsaron rumfa. Babbar damuwar Hajiya a lokacin ita ce leda mai tambari. Daga Legas ake bugo mata, ga kuɗin mota, ga jinkiri, wani lokaci kaya su ƙare a kanti ledar ba ta iso ba.

Na yi kwana da kwanaki a rumfar nan. In mai saye ya zo na tashi, in ya tafi na koma kan waya. Ran da za a tashi, muna fama da ɗaurin kwalaye, sai wani bawan Allah daga rumfa ta uku da tamu ya zo ya kama mana. Ya ɗauki ledar yaji ɗaya ya jujjuya, ya ce, "Hajiya, a ina ake buga muku wannan?" Ta gaya masa. Ya yi dariya ya ce ai shi aikinsa ke nan, kuma injinsa yana nan Sharaɗa. Hajiya ta waiwayo ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kwana nawa kuna zaune da mutumin nan, ko gaisawa ba ku yi ba?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da na gane shi ne, masu saye da ke wucewa rabin ribar baje koli ne kawai. Ɗaya rabin yana zaune a rumfunan da ke kewaye da kai: mai kayan da kake buƙata, mai motar da za ta kai naka, mai kanti a wani gari da zai iya zama wakilinka. Kowa ya biya kuɗin rumfa, kowa kuma yana jiran wani ya fara magana.

Da Hajiya ta sake kira na zuwa bajekolin Kaduna, wanda KADCCIMA ke shiryawa a filin da ke kan hanyar Zariya wajen Rigachikun, sai na nemi izininta na gwada haɗa kan 'yan layinmu. Rumfuna 16 ne. Ga abin da ya yi aiki, da wanda bai yi ba.

1. Gaisuwa mai ɗauke da magana uku

Kafin a buɗe ƙofa da safe, ka zagaya layinku rumfa-rumfa. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Bayan sallama da "an tashi lafiya", ka faɗi abu uku cikin rabin minti: sunanka da garinku, abin da kuke yi, da abin da kuke nema. Na ukun nan shi ne mutane ke mantawa, kuma shi ya fi muhimmanci. In ka tsaya a "muna sayar da yaji", za a ce maka Allah ya ba da kasuwa, shi ke nan. In ka ƙara da "muna neman mai kai mana busasshen barkono da citta a buhu", ka ba mai sauraro abin da zai kama. Ko ba shi da su, wataƙila ya san wanda ke da su.

2. Allon "Ina da" da "Ina nema"

Na sayi kwali babba guda biyu da alƙalamin allo, na rataye su a ƙarshen layi kusa da mai shayi. Ɗaya an rubuta "Ina da", ɗaya "Ina nema". Kowa ya rubuta layi ɗaya da lambar rumfarsa. Lambar rumfa fa, ba lambar waya ba, domin wuri ne da kowa ke wucewa. Na rubuta kan allon da Hausa da Turanci saboda akwai baƙi daga kudu. Amfanin wannan dabara shi ne tana taimakon mai kunya. Wanda ba zai iya tsayawa gaban mutane ya yi bayani ba, zai iya rubuta kalma biyar. A nan ne wata mai man kaɗanya ta ga cewa mai sabulun da ke bayanta man kaɗanya yake nema.

3. Zaman minti uku-uku

A jera benci biyu suna fuskantar juna, da ɗan tazara a tsakani. Mutum 16, takwas nan takwas can. Kowane mutum biyu su yi magana na minti 3, sai mai kula da lokaci ya tafa hannu, 'yan benci ɗaya su matsa gaba da wuri ɗaya, na ƙarshe ya dawo farko. Cikin minti 24 kowa ya gana da mutum 8. In an haɗa da tashi da zama, rabin awa ya isa.

A lura, 'yan benci ɗaya ba za su haɗu da juna ba. Don haka kada a zaunar da mutane haka kawai. Masu sarrafa kaya su hau benci ɗaya, masu ɗanyen kaya da masu leda da kwali da sufuri da kantuna su hau ɗaya. Sannan a faɗa tun farko cewa musabaha ba dole ba ce, gaisuwar baki ta wadatar. Wannan 'yar magana ita ta sa matan layinmu suka yarda suka zauna.

4. Tallata kayan maƙwabcinka

Wannan shi na fi so. A haɗa mutane bibbiyu, kowa ya je rumfar ɗan'uwansa ya yi minti 5 yana tambaya. In an taru, kai ne za ka gabatar da kayansa, shi kuma ya gabatar da naka. Dole ka saurara da kyau, don ba ka so ka yi kuskure a gaban mai kaya. Kuma yabo daga bakin wani ya fi shiga kunne. Ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu: aikin dillali ke nan, da na maigidan da fatake ke sauka wurinsa ya haɗa su da masu saye, tun zamanin da ayari ke shigowa Kasuwar Kurmi. Bayan wannan zama, sai ka ji mai takalmi yana ce wa mai saye, "In kina son yaji mai kyau, rumfa ta biyar."

5. Amanar rumfa lokacin salla da cin abinci

Wannan ba wasa ba ne, amma ya fi wasanni da yawa haɗa mutane. Mai tsaron rumfa shi kaɗai yana shan wahala in lokacin Azahar ya yi. Sai muka tsara: rumfa biyu-biyu, in ɗaya ya tafi ɗaya ya sa ido. Wani Kirista mai sayar da zuma shi ke duba mana lokacin Juma'a, mu kuma muka duba masa ran Lahadi da safe. Sharaɗi ɗaya ne: a kulle akwatin kuɗi ko a tafi da shi, mai tsaro kuma ba ya rage farashi. Wanda ya riƙe maka amanar rumfa na minti 20, ka fara sanin ko za ka iya ba shi kaya bashi.

6. Barkwanci, amma da lura

Muna da namu makamin tun kaka da kakanni. Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, da zarar sun gane juna an fara tsokana, sai dariya, sai hira. Abin da ya sa nake cewa a faɗi gari a gaisuwa ke nan. Sai dai ka bari babba ya fara, kuma in ka ga mutum bai san wasan ba, ka bar shi. Siyasa da addini kuwa kada a kusance su.

Abin da bai yi aiki ba

Ranar farko na kawo wani wasa da na gani a intanet, wai a riƙa jefa ƙwallo, wanda ya cafe ya faɗi sunansa. Wani dattijo mai sayar da injin niƙa ya dube ni ya ce, "Yaro, ni da jikoki za ka jefa da ƙwallo?" Ya koma rumfarsa, mutum uku suka bi shi. Sai da na je har wurinsa na ba shi haƙuri, na roƙe shi ya zama mai buɗe mana zama da addu'a, sannan ya dawo. Darasi: duk abin da zai zubar wa babba da girma, a bar shi. Kuskurena na biyu shi ne sa zama da yamma bayan La'asar, lokacin da jama'a suka fi cika fili. Babu wanda zai bar mai saye ya zo ya zauna a benci. Safiya kafin a buɗe ƙofa ita ce daidai.

Haka nan, a zaman farko kada ka tambayi mutum inda yake saro kayansa ko ribar da yake ci. Za a ɗauke ka ɗan leƙen asiri, musamman in sana'arku ɗaya.

Bayan an tashi

Duk katin da ka karɓa, ka rubuta a bayansa abin da kuka yi magana a kai, nan take. Bayan mako guda ba za ka tuna wane ne wane ba. Cikin kwana 2 da tashi, ka aika saƙo ta WhatsApp, ka ambaci rumfarku da maganar da kuka yi. Kada ka jefa kowa cikin guruf sai ka tambaye shi.

Hajiya yanzu a Sharaɗa ake buga mata leda, daga Kaduna kuma ta dawo da lambar mai citta daga Kafanchan. Mu ma a nan makaranta, in an yi bajekolin ɗaliban darasin koyon sana'a, sai ka ga 'yan kowane sashe sun kame a teburinsu ba mai leƙa wani. Mai ɗinki yana neman mai ɗaukar hoto, mai ɗaukar hoto yana can yana danna waya. Kwali biyu da benci biyu ne kawai kayan aikin. Ina roƙon ƙungiyar ɗalibai ta gwada a zango mai zuwa, ni kuma na ɗauki nauyin tafa hannu.

Allah ya ba mu sa'ar karatu, ya sa albarka a abin da za mu nema.