Asalin Kalma: Nazari a kan Kalmar "Jeli"

Gabatarwa

Sanin asalin kalma yana taimaka wa malami wajen bayyana wa ɗalibai yadda ma'ana take sauyawa. A wannan darasi za mu ɗauki baƙuwar kalma ɗaya, wato "jeli", mu bi sawunta.

Ma'ana

A Ingila, *jelly* abin zaƙi ne mai santsi da rawar jiki da ake sha bayan cin abinci. Ana yin sa da jelatin, wanda ake samu ta hanyar dafa fata da ƙasusuwan dabbobi. Duk wanda ya ga yadda romon ƙafar saniya yake daskarewa idan ya huce, ya ga aikin jelatin.

Asali

Tushen kalmar shi ne *gelare* na harshen Latin, ma'ana daskarewa saboda sanyi. Daga nan Faransanci ya samar da *gelée*, Ingilishi kuma ya aro ta a wajen ƙarni na 14. Ke nan ma'anar ta tashi daga ƙanƙara ta koma ga abincin da ya daskare.

A Amurka kuwa, *jelly* ruwan 'ya'yan itace ne da aka dafa da sukari ake shafa wa burodi. Abin zaƙin can sai suke kiransa Jell-O. Wannan sunan haja ne da wani kafinta mai suna Pearle Wait da matarsa May suka fito da shi a garin LeRoy na jihar New York a 1897. A 1899 ya sayar da sana'ar ga Orator Woodward a kan dala 450. Da hajar ta karɓu, sai jama'a suka riƙa kiran kowane irin abin zaƙin da wannan suna. Wannan shi ake kira faɗaɗa ma'ana. Haka ya faru a Hausa, inda "omo" ta zama sunan kowane garin sabulu, "magi" kuma kowane ɗunƙulen miya na kanti.

Abin Lura

Kamancin furuci ba hujja ba ne. "Jeli" da "jela" sun yi kama a kunne, amma babu dangantaka tsakaninsu. Malamin da ya yi hasashe a gaban aji, kuskurensa zai bi ɗalibai har su koyar da wasu. Wajibi ne ya nemi hujja daga tarihi da ƙamus.

Auna Fahimta

1. Bayyana matakan da kalmar "jeli" ta bi daga Latin zuwa Ingilishi.
2. Kawo sunayen haja guda uku da ma'anarsu ta faɗaɗa a Hausa.