Kwandon Asabar Mai Tsarki: Darasi Daga Ƙasar Folan

Da yawa daga cikinmu suna tunawa da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, wanda ya zo Kaduna a 1982. Shi ɗan ƙasar Folan ne, a nahiyar Turai. Bari mu duba yadda iyalan ƙasarsa suke kiyaye Bikin Ista, gama akwai abin koyi a ciki.

Ran Asabar Mai Tsarki, iyali sukan shirya ɗan kwando, su shimfiɗa farin ƙyalle a ciki, su sa abinci kaɗan, sau da yawa su ba yara su kai coci domin Fada ya yayyafa masa ruwan albarka. Kowane abu a kwandon yana da ma'ana. Ƙwai da aka yi wa ado alama ce ta sabon rai. Burodi yana tuna da Yesu, abincin rayukanmu. Gishiri yana hana ruɓa. Akwai wata saiwa mai yaji da ke sa hawaye, domin tunawa da shan wuyar Ubangiji. A tsakiya kuma akan tsayar da ɗan rago da aka ƙera da sukari ko man shanu, riƙe da tuta, wato Kristi mai nasara bisa mutuwa.

Ba a taɓa abincin nan sai safiyar Lahadi. Bayan Misa ta Tashin Ubangiji, iyali sukan zauna tare, a yayyanka ƙwan da aka sa wa albarka, kowa ya ɗauki yanki, suna yi wa juna fatan alheri. Da wuya mutum ya karɓi ƙwai daga hannun ɗan'uwansa alhali yana riƙe da shi a zuci.

Sarkinsu Miyeshko na Ɗaya ya karɓi baftisma a 966. Daga 1795 zuwa 1918, shekara 123, ƙasar ba ta da 'yancin kanta, gama maƙwabta uku sun raba ta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma 'yan kwaminis suka mulke ta har 1989, suka ma cire koyarwar addini daga makarantu a 1961. Duk da haka bangaskiya ba ta mutu ba, domin iyaye da kakanni sun riƙe ta a gida.

To, mu fa? Mukan bar wa katikis da Fada dukan nauyin koyar da 'ya'yanmu. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a gida ake farawa. A wannan Ista, bari kowane maigida ya tara iyalinsa, a yi addu'a a kan abincin da Allah ya hore, ko tuwo ne ko shinkafa, a bayyana wa yara dalilin bikin. Wanda muke gaba da shi kuma, mu kira shi mu ci tare.

Allah ya ba mu albarkar Tashin Kristi. Amin.